Laftof ɗina ta koma rarrafe, fanka ba ta hutawa

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin kwamfuta ku taimaka mini, abin ya kai ni maƙura. Yau kusan sati uku ke nan laftof ɗina ta canza hali. Dama can ba wani sauri ne da ita na a-zo-a-gani ba, amma tana yi mini aikina lafiya lau. Yanzu in ina rubutu sai haruffan su riƙa biyo ni a baya, sai na kai ƙarshen layi sannan su fito. Fanka ba ta hutawa ko da ba na taɓa komai, gefen da iska ke fita kuwa hannu ba ya iya daɗewa a wurin don zafi. Batirin da yake kai ni awa uku yanzu ko awa ɗaya ba ya cikawa. An nuna mini Task Manager, allon da ke nuna aikin da kwamfuta ke yi, na buɗe na ga CPU, wato furosesa, a kan 100%. Duk aikina a cikinta yake. Me zan yi?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam Anti. Kada ki wahalar da kanki. Ki kwashe fayilolinki a filas, a yi mata fomatin, a ɗora sabon Windows. Awa biyu an gama.

Mai Gyara: Ɗan Auta, a yi haƙuri, tun ba a ga mara lafiya ba har an rubuta magani? In ƙura ce ta toshe mata hanyar iska, ko sau goma aka yi fomatin zafin yana nan. Hajiya, kafin komai ki ba mu abu huɗu: wane furosesa ne a ciki, ram nawa ne, faifan ajiyar HDD ne ko SSD, kuma wane Windows ne. Ukun farko za ki same su in kin danna Ctrl, Shift da Esc tare, kika shiga shafin Performance. Sannan ki koma shafin Processes, ki danna kan kalmar CPU da ke sama, zai jera miki manhajojin daga mai cin da yawa zuwa mai cin kaɗan. Sunayen ukun farko muke so.

Uwar Biyu: To Malam. An rubuta Core i5-7200U, ram 8 GB, faifan HDD ne mai 1 TB, Windows 10. Na sama a jerin wani ne wai Antimalware Service Executable, sai Chrome, sai wani antibairos da ya zo da laftof ɗin tun ina saye, wanda kullum yake turo mini saƙo cewa wa'adinsa ya ƙare.

Sarkin Waya: Ram ne ya yi kaɗan. A mayar da shi 16, magana ta ƙare.

Ɗalibar Kwamfuta: Yaya Sarki, da wace hujja? Ba ta ce mana ram ya cika ba. Anti, a wannan shafin na Performance, nawa Memory ke nunawa?

Uwar Biyu: 4.6 cikin 7.9.

Ɗalibar Kwamfuta: To kun gani. Kusan rabi a sake yake. Ƙarancin ram alamarsa daban: Memory ya haura kashi 90, Disk ya manne a 100 saboda Windows na ta kwashe kaya daga ram yana jibgewa a faifai yana sake ɗebowa. Ƙarin ram ba ya rage wa furosesa aikin da wata manhaja ta ɗora masa.

Sarkin Waya: Na karɓa. To ta kashe wannan Antimalware ɗin da SysMain, ni haka na yi wa tawa.

Mai Gyara: Wannan shawarar kam ina roƙo kada a bi ta. Antimalware Service Executable shi ne Microsoft Defender, mai gadin da ya zo da Windows. Yana cin furosesa in yana bincike, ya ɗauki mintuna ya sauka. In ka ga ya ƙi sauka kwana da kwanaki, to akwai abin da ke ta motsi a kwamfutar yana sa shi aiki, abin nan ya kamata a nemo. Korar mai gadi don ya cika kai-komo ba ta hana ɓarawo shigowa. SysMain kuma, wata hidimar Windows ce da a da ake ce wa Superfetch, faifai ya fi damu, ba furosesa ba. Hajiya, ki cire wancan antibairos da wa'adinsa ya ƙare ta Settings, cikin Apps. Bayan nan ki danna Restart, ba Shut down ba. Tun daga Windows 8 akwai abin da ake kira Fast Startup: in ka yi Shut down, ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba, tana adana wani ɓangare na Windows a faifai ta ci gaba daga inda ta tsaya. Restart ne ke wanke komai. Ki duba Up time a ƙarƙashin CPU, za ki iya ganin kwanaki da yawa alhali kullum kina kashewa.

Uwar Biyu: Ikon Allah, kwana 23 aka rubuta. Na cire, na yi Restart. Ta ɗan yi sauƙi na kamar minti biyar, sai fanka ta sake tashi. Amma ga wani abu da na lura da shi, ban sani ba ko yana da amfani. In na buɗe Task Manager sai in ga 100%, nan da nan ya faɗo 12 ko 15, bayan ɗan lokaci fankar ta yi laushi har in ji ɗakin ya yi tsit. In na rufe shi, kafin minti ɗaya ta sake ɗaukar ƙara. Sau huɗu na gwada.

Ɗan Auta: Wannan ai ba komai ba ne Anti. Kowace kwamfuta haka take, Task Manager ɗin ne da kansa ke cin furosesa lokacin da yake buɗewa.

Ɗalibar Kwamfuta: Rabin maganarka gaskiya ce. Tsallen nan na daƙiƙa ɗaya ko biyu lokacin buɗewa kowa na ganinsa, kuma mutane da yawa suna tsorata a banza a kansa. Amma ka sake karanta abin da ta rubuta. Ba lambar kaɗai ta faɗa ba, ta ce fanka na yin shiru in yana buɗe, ta tashi in an rufe. Fanka ba ta karanta allo, zafi take bi. In zafi na sauka duk lokacin da aka buɗe Task Manager, to akwai abin da ke daina aiki a daidai lokacin.

Mai Gyara: Allah ya yi miki albarka ƙanwata, nan ne bakin zaren. Hajiya, wannan abin da kika lura da shi ya fi duk lambobin da kika turo mana amfani. Akwai ɓoyayyun manhajoji masu haƙar kuɗin kirifto da kwamfutar mutum ba da saninsa ba, kuma an ƙera wasunsu su riƙa leƙen ko an buɗe Task Manager. Suna ganinsa sai su lafe, ana rufewa su ci gaba. Ban ce lallai shi ne ba, sai mun gani da ido. Ki sauke HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da aikin furosesa, daga shafinsu na asali, ki zaɓi Sensors-only. Ki bar shi a buɗe, ki rufe Chrome da komai, kada ki buɗe Task Manager, ki tashi ki ba ta minti goma. In kin dawo ki karanto mana Total CPU Usage da zafin furosesa, layin yanzu da layin mafi yawa, da kuma wurin da aka rubuta Thermal Throttling, Yes ne ko No. Tambaya ɗaya kuma: sati uku da suka wuce, an ɗora wata sabuwar manhaja?

Tsohon Malami: Kafin ta dawo, ku fahimtar da ni. Me ɓarawo zai samu a tsohuwar laftof mai ƙwaya biyu? Na ɗauka haƙar nan sai manyan injuna.

Ɗalibar Kwamfuta: Baba, Bitcoin ne ke buƙatar injuna na musamman. Akwai wani kuɗin da ake kira Monero, wanda tun ƙarshen 2019 yake amfani da tsarin RandomX, an tsara shi ne musamman don furosesa irin na kowa da kowa. Laftof ɗaya abin da za ta haƙo ba shi da yawa, amma wanda ya shiga dubban kwamfutoci, wutar ba tasa ba, injin ba nasa ba, duk abin da ya fito riba ce. Akwai manhajar haƙa mai suna XMRig, ita kanta halastacciya ce, kowa na iya saukewa, amma ita ɓarayin suka fi cusawa a ɓoye su canza mata suna. A da har ta cikin burauza ake yi: Coinhive ya fito a 2017, shafuka suka riƙa saka shi suna haƙa da kwamfutar mai karatu, har aka rufe shi a watan Maris na 2019.

Uwar Biyu: Na dawo. Ban taɓa komai ba amma Total CPU Usage na kan 78%. Zafi yanzu 94, mafi yawa 99. Thermal Throttling an rubuta Yes da ja. Game da tambayarka Malam, ƙanena ya ɗora mini wata manhajar gyaran hoto, ya ce ta kuɗi ce amma ya samo kirak ɗinta, wato wadda aka fasa don a yi aiki da ita ba biya. Na tuna ya ce sai an kashe antibairos kafin ta shiga, in ba haka ba zai goge ta. Lokacin ya yi daidai da fara matsalar.

Mai Gyara: To ga shi. Kwamfutar da ba a aiki da ita ya kamata ta zauna ƙasa da kashi 10. Kuma furosesan nan iyakarsa digiri 100 ne. In ya kusa kaiwa sai ya rage gudun kansa don kada ya lalace, abin da Yes ɗin nan ke nufi ke nan. Asalin gudunsa 2.5 GHz, yana iya hawa 3.1, amma in zafi ya danne shi sai ya sauko ƙasa sosai. Kin ga abu biyu suka haɗu miki: wani na cinye kashi uku cikin huɗu na ƙarfin, ragowar da aka bar miki kuma zafi ya rage shi. Shi ya sa haruffa ke biyo ki a baya.

Yanzu ga aikin, ki bi shi a hankali. Ki sauke Process Explorer, mai aiki irin na Task Manager, da Autoruns, mai nuna abubuwan da ke tashi da kansu in an kunna kwamfuta, duka na Sysinternals ne, a shafin Microsoft suke, kyauta. Wasu daga cikin ɓarayin nan sun san sunan Process Explorer ma, don haka ki canza wa fayil ɗin suna kafin ki buɗe, ki sa masa ko me kika ga dama. Ki jera ta CPU, ki ɗora linzami a kan na saman, zai nuna miki foldar da yake zaune.

Sarkin Waya: Ni fa ina ganin caja ce. Na taɓa sayen wadda ba ta asali ba, laftof ta maƙale a 0.79 GHz, na sha wahala kafin in gane.

Mai Gyara: Wannan yana faruwa ƙwarai, Sarki, kuma da kyau ka kawo shi don masu karatu. Wasu laftof suna tantance caja ta wata 'yar allura da ke tsakiyar bakinta, in ba su gane ta ba ko ƙarfinta ya gaza sai su danne furosesa. Amma alamarsa ita ce kwamfuta na rarrafe alhali da sanyinta, fanka shiru, Speed a manne wuri ɗaya. A wasu sigogin Windows ma kason CPU ba ya kaiwa 100 a irin wannan hali, sai ya tsaya can ƙasa, mutum ya rasa gane me ke faruwa. Ta Hajiya tana kan 94, ba wannan ba ne.

Uwar Biyu: Na gan shi! Sunansa svchost.exe, yana cin 74 zuwa 76. Amma akwai wasu svchost ɗin da yawa, sun fi hamsin. Duka bairos ne? Gabana ya faɗi.

Ɗalibar Kwamfuta: Kwantar da hankalinki Anti, kada ki taɓa sauran. Svchost na gaskiya na Windows ne, shi ke ɗauke da hidimomin da ke aiki a bayan fage, kuma tun 2017 Windows 10 ke raba su ɗaya-ɗaya a kwamfutar da ram ɗinta ya haura 3.5 GB, shi ya sa suke da yawa. Na gaskiya gidansa C:\Windows\SysWOW64 ne ko C:\Windows\System32. Shi wannan mai cin 75 ɗin a ina yake?

Uwar Biyu: A cikin Users, sai sunana, sai AppData, sai Roaming, sai wata folda mai suna kamar na Windows.

Ɗalibar Kwamfuta: Shi ne. Rigar aro ya saka.

Mai Gyara: Kada ki tsaya a kashe shi kawai, zai dawo da an sake kunnawa. Ki fara cire intanet. Ki danna masa dama a Process Explorer ki zaɓi Kill Process Tree. Sai ki buɗe Autoruns, ki duba shafin Logon da na Scheduled Tasks, duk layin da ke nuni zuwa waccan foldar ki cire masa alama. Daga nan ki shiga Windows Security, Virus & threat protection, Manage settings, ki gangara har Exclusions. Ina kyautata zaton za ki tarar an saka foldar a jerin wuraren da aka hana Defender dubawa. Ki goge ta daga jerin. Ki cire manhajar kirak ɗin. Sannan ki mayar da intanet na ɗan lokaci Defender ya sabunta kansa, ki shiga Scan options ki zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi a wani allo daban, ta yi bincike kafin Windows ya farka, lokacin da ɓarawon ba shi da ikon ɓuya. Kamar minti 15 yake ɗauka, ki bar caja a jiki.

Uwar Biyu: Wallahi kamar kana gani. Exclusions guda uku na tarar, har da C: gaba ɗayansa. A Scheduled Tasks kuma akwai wani da aka sa ya riƙa tashi duk bayan minti biyar. Na bi duk yadda ka ce. Yanzu in ba na komai CPU na kan 4 zuwa 7. Rubutu na fita yadda nake buga shi. Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Saura abu ɗaya: da na kunna bidiyo a YouTube zafin ya koma 88.

Ɗan Auta: Alhamdu lillahi. Amma Malam Mai Gyara, yanzu ka yarda a dawo kan maganata. Abin da ya iya shiga ya hana Defender duba C: gaba ɗaya, da ikon admin ya yi shi. Wa ya tabbatar mana shi kaɗai ya shigo? Kirak ɗin nan sau da yawa ba kaya ɗaya suke ɗaukowa ba, akwai masu kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza. Ni ba zan sake shiga asusun banki a wannan Windows ɗin ba.

Mai Gyara: A nan kam gaskiya ta gare ka, ƙanena, ba ni da ja. Abin da na ƙi da farko shi ne fomatin a makance. Da an yi shi a ranar, da ƙanenta ya sake ɗora mata kirak ɗin nan washegari, tunda ba wanda ya san shi ne sila, kuma da ba ta san akwai buƙatar canza kalmomin sirri ba. Yanzu da muka san abin da ya shiga, sabon Windows shi ne mafi aminci. Hajiya, wannan ya fi gaggawa ma: yau ɗin nan, daga wayarki ba daga laftof ɗin ba, ki canza kalmar sirrin imel ɗinki da farko, don ta nan ake sake saita sauran, sai banki da shafukan sada zumunta. Ki kunna tantancewa mai mataki biyu, ki kuma zaɓi fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun. In za ki kwashe kaya, takardu da hotuna kawai, ban da manhajoji.

Tsohon Malami: Tunda za a ɗora sabo, me zai hana ta wuce Windows 11? Na ji an daina kula da 10.

Ɗalibar Kwamfuta: Haka ne Baba, Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025. Matsalar ita ce Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 na furosesan Intel yake farawa, nata kuwa zubi na 7 ne. Akwai hanyoyin tsallake sharaɗin, amma ba zan ba wanda duk aikinsa ke kan kwamfuta ɗaya wannan shawarar ba. In aikinta rubutu ne da burauza, Linux Mint, wani tsarin da ake ɗorawa a maimakon Windows, zai zauna daram a wannan injin, sai dai Word na kan kwamfuta ba ya aiki a can, sai LibreOffice ko Word na intanet.

Ɗan Auta: A bar ta da abin da ta saba tukuna. Sauya tsarin gaba ɗaya a tsakiyar aiki wata wahalar ce.

Ɗalibar Kwamfuta: Ban ƙi ba, amma ta san cewa zama a kan Windows ɗin da ba ya samun facin tsaro ba abin da za a daɗe ana yi ba ne, musamman bayan abin da ya faru.

Mai Gyara: Ku bar wannan zuwa ta gama aikin da ke gabanta. Mu koma kan 88 ɗin nan, don bidiyo kawai bai isa ya kai ta can ba. Laftof ɗin ta kai shekara nawa ba a buɗe ta ba?

Uwar Biyu: Tun da na saya ba a taɓa ba. Kuma gaskiya yawanci a kan katifa ko bargo nake ɗora ta.

Mai Gyara: To ramukan shan iskarta a ƙasa suke, bargo na toshe su, kuma zarensa take zuƙa. In aka buɗe irin wannan, tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke ratsawa ana tarar da ƙura ta dunƙule ta zama kamar tsumma, ana ɗago ta da ɗan hantsaki ta fito a haɗe. Daga waje ba a ganinta, fanka na ta juyawa amma iskar ba ta wucewa. In za ki yi da kanki: ki kashe ta, ki cire caja, ki kwance murfin ƙasa, ki zare igiyar batir kafin ki taɓa komai. Ki danne fankar da yatsa lokacin da kike hura iska, kada ki bari ta yi ta juyawa da ƙarfi. Ki duba batirin, in ya kumbura kada ki matsa shi, sai canji. Man da ke tsakanin furosesa da bututun jan ƙarfe shi ma yana bushewa da shekaru. Ana goge tsohon da sifirit, a ɗiga sabo ɗan kaɗan, a mayar da sukurorin bisa lambobin da aka rubuta a jikinsu. In hannunki bai saba ba, wannan ɓangaren ki kai wa mai gyara, ki tsaya a yi a gabanki. Kuma tunda an buɗe, kuma za a ɗora sabon Windows, lokacin sa SSD ke nan. Faifanki da ƙyar yake wuce MB 100 a daƙiƙa, SSD na SATA yana kai 500 da ɗoriya. Tsohon ki sa shi a gidan USB ki kwashe takardunki a natse.

Uwar Biyu: Ga rahoto bayan kwana biyu. Kalmomin sirri duk na canza su a daren. Na kwance murfin da kaina, sukuru goma ne, na jera su a kan takarda yadda na cire su. Ƙurar na nan yadda ka faɗa Malam, launin toka, tsawonta ya kai ɗan yatsana, a haɗe ta fito. Batir lafiyarsa ƙalau. Man ban taɓa ba, na bar wa mai gyara ranar da za a sa SSD. Yanzu a kan tebur, in ba na komai zafin 46 ne, da bidiyo 63, Thermal Throttling kuma No. Tambayata, kafin a yi fomatin ɗin, filas ɗin da na riƙa sakawa a cikinta cikin satin ukun nan, in goge shi ne ko bincike ya isa?

Mai Gyara: Ki bincike shi da Defender tukuna, ki kunna nuna ɓoyayyun fayiloli a File Explorer, ki kwashe takardun da kika san naki ne. Duk wani mai ƙarewa da .exe ko .lnk ko .vbs da ba ke kika saka ba, kada ki buɗe shi. Bayan nan ki yi masa fomatin. Wanda za a ɗora Windows da shi kuma, a haɗa shi a wata kwamfutar mai lafiya, ba a wannan ba.